Tsintsiyar Tanti Delu

Shekara biyar Rahina tana share biron da ake nema wa mutane aiki, ita kuwa a takarda ba ta da aikin yi. Ba wanda ya zalunce ta da gangan. Tsintsiyar ce ta gado. Ƙanwar mahaifiyarta, Tanti Delu, ita aka ɗauka shara a wannan ƙaramin reshe tun kafin ordinatar, wato kwamfuta, ta shigo, ta yi shekara ashirin da biyu tana sunkuyo har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Ran nan da safe ta kama hannun Rahina, suka hau faba-faba, ƙaramar bas ɗin haya, daga unguwar Banifandou, ta kai ta gaban shugabar biron, Madam Zeinabu, ta ce, "Ga 'yata. Hannuna ce." Madam ta dubi yarinyar, yarinyar ta dubi takalman Madam, magana ta ƙare. Sunan Delu ya zauna a takarda, Rahina ta ɗauki bokiti.

Har sunan ta gada. Ma'aikata suka ci gaba da "Delu, kawo ruwa," "Delu, shayi ya zube," tana amsawa. Ranar farko ta so ta ce sunanta Rahina, sai ta ga mutumin sauri yake yi. Rana ta biyu ta ga ai ta riga ta amsa jiya. Bayan wata guda kuwa gyara sunan ya zama rashin kunya.

Kunya kam Allah ya hore mata. A aji huɗu ta bar lekol, kuma a shekarun nan huɗu ba ta taɓa ɗaga yatsa ba, ko da ta san amsa. In ka take mata ƙafa, ita ke ba ka haƙuri. Sau da yawa faba-faba kan wuce da ita kwanar gidansu, don ba ta iya ɗaga murya ta ce a tsaya, sai wani ya sauka ta bi bayansa, ta dawo a ƙasa tana gaya wa kanta tafiyar ƙafa lafiya ce.

Bara aka fara maganar gyara. Aka ce za a daidaita biron neman aiki da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Ma'aikata suka yi ta zuwa taro suna dawowa da jakunkuna masu tambari. Rahina kuwa ta bakin tsintsiya ta fahimci ƙa'idojin. Aka kwashe dogayen bencina biyu aka kawo kujeru talatin, kowace da ƙafa huɗu, kowace ƙafa da ƙurarta. Aka yi wa ƙofa gangare saboda masu keken guragu, laka ta samu hanyar shigowa. Aka liƙa takardu a bango, ta karanta su harafi-harafi tana goge gilas: neman aiki kyauta ne, ba bambanci tsakanin mace da namiji. Sannan aka kafa wani inji a bakin ƙofa, ka danna ya tofo maka lamba, wata murya ta kira ka da Faransanci da Hausa da Zabarmanci.

Ƙa'idar da ta shafe ta kuwa ba a bango ta ji ta ba. Baba Harouna ne ya faɗa mata, tsohon da ke sayar da shayi a bakin ƙofa, wanda kunnensa ya yi nauyi har sirri ma da ƙarfi yake yin sa.

"Delu ƙarama, kin ji sabon salo? Daga yanzu duk gurbin da ya buɗe sai an kafa shi a allo, a ɗauki mutum cikin waɗanda suka yi rajista. Babu ɗan wane, babu hannuna ce. Tantinki kuma ƙarshen shekara za ta yi ritaya. In ba ki rubuta kanki ba, wata za ta zo ta karɓi tsintsiyar nan kina kallo."

Da yamma ta kai wa Tanti labari. Tanti tana zaune a tabarma, ta miƙe ƙafafu tana shafa man zafi.

"To mene ne a ciki? Ki je wajen Illo ya rubuta ki. Ba shi ke rajista ba?"

"Tanti, in ya tambaye ni ko na taɓa aiki fa?"

"Ki ce kin taɓa."

"In ya ce a ina? In na ce nan, takarda ta ce ke ce ke shara. Sai su ce shekara biyar kina gida."

Tanti ta daina shafa man. "To ki ce ba ki taɓa ba."

"Masu takardar shaida daga otal-otal su wuce ni ke nan."

"Ke kam," in ji Tanti, "a waje ko tari ba kya iyawa, a gida kin zama lauya."

Sati uku Rahina tana shiga ɗakin Malam Illo da maganarta a shirye. A faba-faba take haɗa ta, ta gyara, ta sa mata gaisuwa a gaba da godiya a baya. Da ta tura ƙofa ya ɗago kai, sai maganar ta narke, hannunta ya kama goge tebur. Duk Yamai ba teburin da ya kai wannan ƙyalli. Ran nan har ya ce, "Delu, za ki cinye fentin teburin nan." Ta ce ya yi haƙuri, ta fita.

Sai aka ce baƙi za su zo daga hukumar ƙwadago ta duniya su ga yadda gyara yake tafiya. Aka sa ranar Talata, ƙarfe goma, cikin watan Agusta. Tun asuba sama ta buɗe baki. Rahina ta iso da takalmi a hannu, ta share, ta goge, ta sake gogewa. Ƙarfe tara da rabi masu neman aiki shida ne kacal a kujeru talatin, sauran ruwa ya tare su a unguwanni. Madam Zeinabu ta tsaya ta ƙirga kujerun da ido.

"Baƙi su zo su ga wayam, su ce mutane ba su yarda da mu ba. Ku shigo mini da kowa."

Aka shigo da Baba Harouna, da mata biyu masu sayar da kopto, kwaɗon zogale, da mai gyaran waya, da wasu da suka fake wa ruwa a rumfa. Sannan Madam ta juyo.

"Delu, ɓoye tsintsiyar nan, yafa mayafinki, ki zauna can ƙarshe. Kar ki ce komai."

A karon farko an ba ta aikin da duk biron ba wanda ya fi ta iyawa. Ta zauna a kujerar ƙarshe kusa da Baba Harouna, ta sunkuyar da kai.

To akwai wani abu da ba a sani ba. Kowace safiya in Rahina tana goge injin lamba, tsumma kan danna maɓallin, inji ya tofo lamba ɗaya. Ba ta iya jefar da takarda a ƙasan da ita za ta share, ba ta kuma iya gaya wa kowa ta taɓa injin gwamnati. Sai ta ƙulle ta a bakin mayafi, ta kai gida Tanti ta hura wuta. Wata huɗu ke nan ana kiran ɗaya ba a amsawa. Ma'aikata suka yanke cewa aljanin biro ne ke karɓar lamba da sassafe, shi ma aiki yake nema. Baba Harouna kaɗai ya taɓa ganinta ta taga.

Baƙi suka iso su biyu. Wani dogo mai tabarau da ba ya komai sai rubutu, da wata mace mai suna Madam Salima, 'yar Damagaram da aiki ya kai ƙasashen waje amma Hausa ba ta bar bakinta ba. Aka zaga da su, aka nuna musu gangaren ƙofa da takardun bango. Madam Salima ta ce duk ta gani, yanzu tana son ta zauna ta ga yadda ake karɓar mutum ɗaya, daga farko har ƙarshe.

"A kira na farko."

Malam Illo ya danna. Murya ta kira lamba ɗaya da harshe uku. Ba wanda ya motsa.

"Ɗaya ba ya zuwa, Madam," in ji Malam Illo. "Mu wuce biyu."

"Me ya sa ba ya zuwa?" in ji Madam Salima.

"Haka yake kullum. Tun da aka kafa injin."

"Mutum ya yi sammako ya riga kowa, wata huɗu, in an kira shi ya ɓace? Ai shi nake son gani. Wani abu ke korarsa. Sake kira."

Murya ta sake kira. Rahina ta ji ƙullin bakin mayafinta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ta dafe shi da hannu biyu, tana roƙon Allah ya sa a ɗauke wuta. A Yamai, roƙo ne da ba ya wuyar karɓuwa, amma ran nan wuta ta tsaya daram. Sai Baba Harouna ya sunkuyo zai yi mata raɗa, raɗar da aka ji har titi.

"Delu, kwance bakin mayafin mana. Ke ake kira."

Kawuna suka juyo. Ba ta san yadda ta miƙe ba. Ta ratsa tsakiyar kujeru, idonta a ƙasa, kuma duk da halin da take ciki sai da ta lura da sawun laka na mai gyaran waya, ta ce a ranta wannan sai an sa sabulu.

A ɗakin Malam Illo akwai kujerar masu neman aiki. Ta goge ta ya fi sau dubu, ba ta taɓa zama a kai ba. Ta ɗosana a gefe. Madam Salima ta zauna a kusurwa, dogon yana bayanta da alƙalami, Madam Zeinabu ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Malam Illo ya gyara murya irin ta wanda bai taɓa ganin mutum ba.

"Sannu da zuwa, malama. Sunanki?"

"Rahina Mutari."

Yatsunsa suka tsaya a kan ordinatar. "Rahina?"

"I."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar suna."

Madam Salima ta dube shi. Ya yi tari ya ci gaba. Shekara ashirin da huɗu. Banifandou. Aji huɗu. Har nan lafiya lau, tana amsawa kamar mai karɓar magani. Sai ya zo kan tambayar, shi kansa ya rage murya.

"Kin taɓa yin aiki?"

Amsa biyu ta tanada tun sati uku, dukansu suka gudu suka bar ta. Ruwa yana dukan kwano. Ta dubi teburin da ta cinye wa fenti, ta ga fuskarta a ciki.

"Ƙanwata, ba kotu ba ce," in ji Madam Salima. "Ko tallar gyaɗa ce aiki ne."

"Ina dai taya Tantina."

"Taya ta me?"

"Shara."

"Kwana nawa a sati?"

"Biyar."

"Ita Tantin kwana nawa take yi?"

Rahina ta yi tunani sosai, don ba ta son ƙarya, ba ta kuma son gaskiya. "Tana yi mana addu'a."

Dogon ya ɗago kai a karon farko, ya nemi a fassara masa. Madam Salima ta ɗaga masa hannu ya jira.

"A ina kike sharar?"

Rahina ta sunkuyar da kai. Tana ganin Tanti a tabarma da man zafi, tana ganin takalman Madam Zeinabu a bakin ƙofa, irin waɗanda ta fara sani shekara biyar baya. Da za a bar ta, da ta zauna haka har la'asar. Sai wani ɗigo ya faɗo daga silin, tal, a kan tayil, tazarar taki ɗaya daga wayar wutar ordinatar. Wani ya biyo shi. Rahina ta san wannan ɗigon kamar ɗan'uwa, in ya fara ba ya minti biyu sai ya zama igiya. Kafin ta tuna ita baƙuwa ce, ta miƙe, ta zura hannu bayan kabad ta jawo tsohon bokitin fenti, ta tara, ta ɗaga wayar ta rataye a ƙusar da ita ta kafa a damina uku da suka wuce, ta ciro tsumma daga ƙarƙashin kabad ta goge wurin, ta mayar. Ta dawo ta ɗosana a gefen kujera. Sannan ta gane abin da ta yi.

Ɗigon ya ci gaba da tal-tal a cikin bokiti.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo," in ji Madam Salima.

Tun da cibiya ta fito, wanka ya zama dole. Rahina ta ji murya tana fita daga bakinta, siririya, kamar ta aro.

"Don Allah kar a taɓa Tanti. Shekara ashirin da biyu ta yi da gwiwarta. Ni ce ban faɗa ba. Ni ce kuma aljanin."

Ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi a biron nan. Malam Illo ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Madam Zeinabu ta saki hannuwanta ta shigo ciki.

"Ni na karɓe ta, Madam. Delu ta kawo ta, na ga gida ɗaya ne, na yi shiru. Haka muka tarar ana yi. Shekara biyar ba ta taɓa makara ba."

"Ban zo kama kowa ba," in ji Madam Salima. "Amma ba zan ce ban gani ba, zan rubuta. Maganar Delu ku za ku gyara da na sama da ku. Abin da ke gabana yanzu mace ce mai lamba ɗaya. Malam, rubuta mata shekara biyar. Madam Zeinabu za ta ba ta takardar shaida." Ta juyo wajen Rahina. "Sai dai ki sani, ƙanwata, gurbin nan allo za shi. Ƙa'idar da ta ba ki sunanki, ita za ta sa ki a layi."

Rahina ta ce to, ta gode, ta kuma ba da haƙuri, ba ta san na mene ne ba. Ta fito da kati mai ɗauke da Rahina Mutari. Baba Harouna ya karɓa ya juya shi ya ce ashe shekara biyar sunan wata yake ba shayi.

Abin bai wuce salin-alin ba. Madam Zeinabu ta sha rubuta takardun bayani, ta yi sati biyu tana amsa gaisuwar Rahina da hanci. Aka kira Tanti sau biyu, ta je da sanda da dukan takardunta a leda, aka sallame ta ritaya wata uku kafin lokaci. Ta dawo tana cewa duk wannan fitina daga wata 'yar takarda ce da ta saba hura wuta da ita.

Gurbi ya hau allo. Mutum goma sha tara suka rubuta kansu neman tsintsiya ɗaya. Rahina ta karanta sunayen harafi-harafi. Aka sa ranar gwaji, aka ce wani zai zo daga babban biro ya zauna tare da su Madam don kar a ce an yi son kai. Kowa za a ba shi ɗaki ya share, a gani.

Ranar gwajin ta iso ƙarfe shida da rabi, don ba ta iya zama a gida. Ta tarar da biro kamar yadda ake barinsa kullum da yamma. Ta ce bari ta ɗan kawar da takardun nan kawai. Daga takardu ta wuce ƙura, daga ƙura ta ɗebo ruwa. Da masu gwaji suka iso ƙarfe takwas, ba ɗakin da ya rage da abin sharewa. Mutumin babban biro ya shafa yatsa a taga, ya duba, ya tambaya to yanzu me za a gwada. Sai da Malam Illo ya cire hula, ya ɗauki bokiti, ya fita ya ɗebo yashi a bakin titi ya bi ɗaki-ɗaki yana watsawa. Rahina tana layi tana kallonsa, kowane watsi kamar a idonta.

Kusa da ita wata mata ce daga Katako, mai takardar shaida daga otal, ta iya riƙe tsumma yadda Rahina ba ta taɓa gani ba, tana murɗa shi sau ɗaya ya bushe. Rahina ta yi ta satar kallonta tana koyo. Da aka zo tambayoyi, mutumin babban biro ya ce, "Me ya sa ke za mu ɗauka?" Yabon kai jahilci ne, haka aka koya mata tun tana goye. Ta dubi ƙasa ta ce, "Waccan ta Katako ta fi ni iya matse tsumma." Madam Zeinabu ta runtse ido. Rahina ta ƙara da cewa, "Amma wuri bakwai ke yoyo a nan. Ko ba ni aka ɗauka ba, a bar ni in nuna mata." Mutumin ya ce ta nuna masa shi. Ta zaga da shi duka bakwai ɗin, har da na bayan allo wanda Madam kanta ba ta san da shi ba.

Bayan kwana goma aka kafa sakamako. Ta karanta sau uku, ko akwai wata Rahina Mutari a Yamai. Da aka ba ta kontara, takardar ɗaukar aiki, ta sa hannu, ta ɗauki lokaci tana zana sunan, Malam Illo yana jira.

"Sannu, Delu," ya ce, sannan ya dafe goshi. "Rahina."

Ta amsa duka biyun.

A gida Tanti ta riƙe takardar nesa da ido, ta juya ta, ta shinshina.

"To madalla. Ranar da gwiwarki ta gaji kuma, sai ki kama hannun ƙanwarki Samira ki kai ta."

"Sai dai ta je ta ɗauki lamba, Tanti."

"Ji mini yarinya. Tsintsiyar gidanmu?"

"Ta gwamnati ce."

Tanti ta ce ita dai ta ga zamani, ta miƙa hannu a ba ta man zafi.

Washegari Rahina ta goge injin lamba ta gefe, a hankali, aljani ya bar biro. Mutumin farko da ya samu ɗaya, wani tela ne daga Zongo, ya tsaya yana juya takardar yana tambaya ko lafiya. Da yamma ta hau faba-faba da kontara a cikin leda, a ƙirji. Da suka doso kwanar gidansu ta gyara zama, ta cika ƙirji da iska, ta ce a tsaya. Ta faɗa kam, Allah shaida ne, matar da ke kusa da ita ma ta ce kamar ta ji wani abu. A kwana ta gaba ta sauka, ta dawo a ƙasa.